Masaukin alfarma a bakin kogi: ina ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu?

Ɗan Ader, Bukoki, Yamai:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar wanda ya taɓa zuwa kudancin Afirka kallon namun daji daga cikin jirgin ruwa. Ni da maiɗakina muke son tafiya idan na samu hutu, kuma tunda ba abin yi ba ne kowace shekara, ina so mu sauka wuri na kirki, ba ɗakin da za mu kwana muna korar sauro ba. To amma da na shiga duba farashi a intanet sai kaina ya ɗaure. Wani masauki a bakin kogin Zambezi ya haura dalar Amurka 1000 a kwana ɗaya, wato sama da jika 500 na sefa. Wani kuma a garin Kasane na Botsuwana, a bakin kogin Chobe, bai kai rabin haka ba, alhali hotunan duk iri ɗaya ne: gado da gidan sauro fari tas, wurin ninkaya, rana tana faɗuwa a kan ruwa.

Mene ne ainihin bambancinsu? Chobe ya fi ko Zambezi? Wane wata ya kamata a je? Ba araha nake nema ba, abin da ba na so shi ne in zuba kuɗin da na daɗe ina tarawa a kan abin da ba zan mora ba.

Sani Harobanda:

Yaya, dorina kake son gani har sai ka hau jirgi biyu? Ka zo ranar Laraba mu tafi kasuwar Bubon, mu ɗauki kwalekwale, mai tuƙi ya kai ku inda suke a kogin Isa, ku dawo da yamma ku ci kifi. Canjin da ya rage ka saya wa Hajiya zinariya. Da hankali a kwance yake ma, gandun dajin W na nan Nijar zan ce ka nufa, can Tapowa akwai giwa da ɓauna. Amma ka san yadda yankin ya koma, ba wanda zai ba ka shawarar kai iyali can yanzu. Allah ya kawo mana sauƙi.

Hajiya Rakiya, Yantala:

Wa alaikumus salam Malam. Sani, dorinar Bubon tamu ce, ba mu raina ta ba, amma abin da bawan Allah yake tambaya daban ne.

Taron aiki ya kai ni Livingstone a Zambiya, da aka tashi sai maigida ya same ni can muka tsallaka Kasane. Abu na farko da za ka riƙe: farashin nan da kake gani, kusan ko'ina na mutum ɗaya ne a kwana ɗaya, bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗaki. Sai ka ninka shi biyu tukuna kafin ka fara lissafi. Na biyu, kada ka auna masauki da hoton ɗaki. Ɗakin nan barci kawai za ka yi a cikinsa, domin tun duku-duku ake fita, a dawo da hantsi, a sake fita wajen ƙarfe 3 sai faɗuwar rana. Abin da kake saye shi ne jirgin ruwa, da mai yi muku jagora, da kusancin wurin da dabbobi.

Ka rubuta musu ka ce su lissafa maka abin da ke cikin kuɗin ɗaya bayan ɗaya. Fita nawa a rana? Jirgin nasu ne ko haɗa ku za a yi da baƙin wasu otel? Mutum nawa yake ɗauka? Kuɗin shiga gandun dajin yana ciki? Ɗauko ku daga filin jirgi fa? Wanda ya yi maka araha a ido, sau da yawa kwana da karin kumallo kaɗai ya ƙunsa, kowace fita sai ka sake zaro kuɗi. Idan ka tara su za ka tarar tazarar da ke tsakaninsa da mai tsadar ta ragu sosai.

Ga kuma wani abu da ya shafe mu musamman. Manyan masaukan nan da ke cewa kome da kome na cikin farashi, har da barasa suke nufi, kuma kaso ne mai kauri. Kai da Hajiya lemo da shayi za ku sha, amma kuɗin kwalaben wasu za ku biya. Shi ya sa a ganina wanda ya fi dacewa da irinmu shi ne mai haɗa kwana, abinci sau uku da fita biyu a rana, ya bar abin sha daban. Akwai su da yawa a Kasane. Ko a masu tsadar ma ka tambaya ko suna da farashi marar barasa, kuma ko suna rage wa mazauna Afirka. Ragin da aka fi yi na ƴan ƙasashen SADC ne, wato ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka, mu ba ma ciki, amma wasu suna faɗaɗa shi, tambaya kuma ba ta cin kuɗi.

Batun Chobe ko Zambezi, ga wanda zai fara zuwa ni Chobe zan ce. Ana isa da mota a kan kwalta, daga mafaɗar ruwa ta Victoria tafiyar kilomita 80 ce ko ƙasa da haka, sai tsayawar kan iyaka. Ta ɓangaren Zambiya kuma tun 2021 an buɗe gadar Kazungula, an huta da jiran jirgin fito. A Kasane masaukai suna jere a bakin ruwa, wasu kamar Chobe Safari Lodge suna manne da iyakar gandun dajin Chobe, gadu na kiwo a kan ciyawar tsakar gida ko a jikinsa. Chobe Game Lodge shi a cikin gandun yake, shi ya sa ya fi tsada: kafin motocin gari su gama layi a ƙofa, baƙinsa sun riga sun yi nisa. Masu jagoransa mata ne, jiragensa kuma na lantarki ne, ba ƙarar inji. Ko wannan ya cancanci ƙarin kuɗin, aljihunka ne zai yanke. Ni dai a gari muka sauka, kuma ban ji an rage ni da kome ba a kan ruwa, tunda kogin ɗaya ne.

Inda ba zan yi rowa ba shi ne girman jirgi. Akwai manya masu bene da ke kwasar jama'a da yawa, ana ta hira da ciye-ciye, ba sa iya matsawa gaɓa. Mu ƙarami muka shiga, mai tuƙin ya kashe inji kusa da tsibirin Sedudu, muka yi tsit. Garken giwa ya gangaro, babbar ta fara shiga, ruwa ya shanye ta sai hancin kawai a sama, ƴaƴan suna tsakiya ana tokare su. Da suka fito a tsibirin, waɗanda suka bi ta wuri marar zurfi jikinsu ya rabu biyu, ƙasa baƙi wuluk don jiƙa, sama fari da ƙura, kamar an ja layi. Har ƙarar tumɓuke ciyawa muna ji, giwa tana kaɗa ta a ruwa ta wanke laka kafin ta kai baki. A babban jirgi daga nesa za ka hango wannan.

Tsibirin nan ma yana da labari. Botsuwana da Namibiya sun yi jayayya a kansa har kotun duniya ta Hague, a 1999 aka ba Botsuwana, yanzu tutarta ce a kafe a can. Da mai jagora ya faɗa sai maigida ya ce ai mun san irin wannan shari'a, haka muka yi da Benin a kan tsibirin Lete aka ba mu a 2005.

Zambezi ta ƙasa, wato gandun Lower Zambezi a Zambiya da Mana Pools da ke fuskantarsa a Zimbabuwe, can babu cunkoso, ana yawo a kwalekwale, ana kamun tsage a sake shi. Amma yawanci da ƙaramin jirgin sama ake shiga, kome nasu daga nesa ake kawowa, tsadar daga nan take. Ka bar shi sai zuwa na biyu.

Lokaci kuma, damina da rani nasu kishiyar namu ne. Ruwa na sauka daga Nuwamba zuwa Maris, rani daga Mayu zuwa Oktoba. Idan tafkunan daji suka ƙafe dole dabba ta zo kogi, shi ya sa daga Yuli zuwa Oktoba farashi ke kai ƙololuwa. Mai son sauƙi sai ya nemi gefe-gefen lokacin, Mayu ko farkon Nuwamba. In kun je Yuni ko Yuli ku ɗauki rigar sanyi mai kauri, sanyin asubarsu a buɗaɗɗiyar mota ba wasa ba ne.

Alhaji Mamman, Tawa:

Hajiya ta gama magana, sai dai ban yarda da ita a kan Nuwamba ba. Caca ce. Ruwan farko na sauka giwaye su watse cikin daji, tunda sun samu abin sha a ko'ina, kai kuma ka biya kuɗin kogi. Kafin ruwan ya sauka kuma zafi ne mai tsanani, ko da yake mutumin Ader ba a tsorata shi da zafi. Sannan a watan nan mafaɗar Victoria ta ɓangaren Zambiya ruwanta ya ja baya ƙwarai, wani wurin dutse ne tsirara. A Afrilu da Mayu take cika har feshin ya jiƙa mutum sharkaf. Ni Mayu zan zaɓa, ko farkon Yuni kafin a ɗaga farashi.

Ɗana, ka fara da tikiti kafin masauki, domin daga Yamai shi ne zai ci kaso babba. Jirgin kamfanin Ethiopian na tashi daga filin Diori Hamani zuwa Adis Ababa, daga can akwai jirgin Victoria Falls da na Lusaka. Ka duba ranakun da suka haɗu da juna tukuna, kada ka biya ɗaki sannan ka tarar babu jirgi ranar. Yawancin masaukan nan suna karɓar kafin alƙalami, kuma idan lokaci ya matso ba sa mayarwa, don haka ka karanta sharaɗin fasa tafiya da kyau.

Biza kowace ƙasa da tata: Botsuwana daban, Zambiya daban, Zimbabuwe daban. Ka tantance abin da ake nema ga fasfo na Nijar tun kana gida, kuma idan za ka fita wata ƙasa ka sake dawo mata, ka nemi mai shiga fiye da sau ɗaya. Katin rigakafin cutar shawara dole ne, tunda daga Nijar kuka fito. Sauro kuma akwai shi a bakin kogin nan, ku ga likita kafin tafiya. Sefa ba ta da amfani a can, ka canja dalar Amurka sababbi tun a Yamai, ka haɗa da ƙananan takardu saboda ihsanin masu jagora da ma'aikata, wanda ba ya cikin farashi. In kuma zuciya ta ja ka Zambezi ta ƙasa, ƙananan jiragen nan kilo 15 zuwa 20 suke yarda da shi, a jaka mai laushi, ba akwati ba. Ka sanar da maiɗakinka tun yanzu. Wasu masaukan can ma rufewa suke yi da damina saboda hanya.

Ɗan Ader:

Na gode Baba Alhaji, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na karkata ga Kasane a watan Mayu, mu biya ta Victoria a hanyar dawowa. Saura abu guda da maiɗakina ta ce in tambaya: abinci fa? Da kuma salla, tunda fitar yamma ta haɗa da la'asar.

Hajiya Rakiya:

Ka rubuta musu tun wajen kama ɗaki cewa ku Musulmi ne, ka sake tunatarwa ana saura mako guda. Manyan masaukai sun saba, wasu suna iya samo naman halal idan an ba su lokaci. Amma kada a ce maka "babu alade" ka ɗauka an gama, domin suna yawan dafa naman daji, har da na gadu, sauran kuma ba ka san yadda aka yanka ba. Mu kifi muka riƙe, karfasar kogin tana da daɗi a gashe, ga ƙwai, ga kayan lambu, ga tuwon masararsu da ake ce wa nshima a Zambiya. Ka ce mata ta saka yaji da ɗan kilishi a jaka in za a bari ya wuce, amma a Botsuwana ana tsananta binciken nama a kan iyaka saboda cutar dabbobi, don haka yajin ya fi tabbas.

Salla kuwa, mu matafiya ne, mun riƙa haɗa azahar da la'asar kafin a fita, magariba kuma muna dawowa masauki. Jiragen ba sa kai dare a cikin gandun. Alƙibla daga can wajen arewa take, ta ɗan karkata gabas, ba gabas sak kamar yadda muka saba ba, sai ka duba a waya. Abin alwala kuma a ɗaki, kada wanda ya kai hannu ruwan kogin nan, kadojinsa manya ne.