Wa ya gina gidan ibadar Sikh na Makindu?

Mai Tireda:
Salam 'yan uwa. Kan hanyarmu daga Nairobi zuwa Mombasa direba ya tsaya a Makindu, ya shigar da mu wani farin gini mai ƙubbobi. Muka cire takalma, muka rufe kai, aka zubo mana miyar wake da gurasa da shayi. Ko sisi ba a karɓa ba. Su waye suka gina shi?

Tsohon Malami:
Wa'alaikumus salam ɗana. 'Yan Sikh ne daga yankin Punjab na Indiya ta wancan lokacin, cikin ma'aikatan da Turawan Ingila suka kawo aikin layin dogon da aka fara daga Mombasa a 1896. Makindu tasha ce da jirgi ke tsayawa. Da farko a 'yar rumfar kwano suke ibada, a 1926 suka gina gurdwara, wato gidan ibadarsu. Gine-ginen da ka gani an yi ta ƙara su ne daga baya.

Maman Yara:
Malam ya faɗi gaskiya. Ciyarwar nan tun zamanin Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, take, babu ruwansu da addininka, kuma ba sa dafa nama, kowa na iya ci. Har ɗakunan kwana suke ba matafiya. Wallahi abin ya burge ni.

Mai Tireda:
Na gode Malam, na gode Hajiya.