A cike ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko a gyara shi?

Ɗan Ƙofar Rini: Assalamu alaikum. A gidan da mahaifinmu ya bari akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda yake ajiye goro saboda sanyinsa. Tun ruwan Agustan bana bangon gabas ya yi ciki, ya tsage har hannu yana shiga, kuma ɗakin mahaifiyarmu ne a samansa. Gidan gado ne, ba za mu rushe ba. Mu cike ko mu gyara?

Alhajin Arkilla: Ka rushe ka yi sabon gini, tunda siminti a nan Kalambaina ake yinsa.

Hajiya daga Mabera: Ɗana, ka ji abin da ya same ni. Bayan ambaliyar 2010 na sa aka cike wani rami a gidana, ashe shara da ɓaraguzai maginin ya zuba, ya shafe sama da siminti. Damina biyu kacal aka yi, wata rana da asuba na ji ƙafar gado ta nutse, daɓen ya dare gida biyu, tururuwa tana fitowa. Sau biyu na biya kuɗin aiki ɗaya, har na sayar da awakina, shi kuwa mutumin ko waya ya daina ɗauka. Na bar shi da Allah.

Tsohon magini: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Ba cikon ne ya cuce ki ba, rashin amana ne. Ana fara fasa daɓen ƙasan domin kada ruwa ya kwanta, sannan a zuba jar ƙasa kamar taƙi ɗaya, a yayyafa ruwa, a daddaɓe sosai kafin a ƙara wata. Na sayi tifar jar ƙasa naira dubu 45.

Alhajin Arkilla: A ina? Dubu 70 na biya.

Injiniya: Kafin maganar tifa, a fitar da mahaifiyarku daga ɗakin yau, a tokare rufin da bangon. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ce take tura shi daga waje, don haka idan ba a gano inda ruwan yake shiga ba, ciko da gyara duk asara ne.

Tsohon magini: Yallaɓai, shekara 40 ina wannan aiki ba da takarda ba.

Hajiya daga Mabera: Nawa maginin ma haka ya ce mini, Baba.

Matashi: Yaya, ka bar shi, idan zafin Afrilu ya zo mu kama haya!

Ɗan Ƙofar Rini: Injiniya, indararon maƙwabcinmu a gindin wannan bangon yake zuba, kuma ya toshe kwatar layin da ya ƙara shago.

Hajiya daga Mabera: Ai wannan ita ce masifar unguwarmu. Sau uku muka kai ƙara wurin mai unguwa, har yau kwatar cike take da leda, ruwa kuwa a zaurena yake kwana.