Zaga Turai a jirgin ƙasa ni da uwargida: tikitin Eurail ko saye ɗaya bayan ɗaya?

Abu Hanan, daga Kano:

Assalamu alaikum. Ni da uwargida muna shirin hutu a Turai a lokacin bazararsu, kuma mun yanke shawarar sauka a Paris, sannan mu ci gaba da tafiya a jirgin ƙasa ta Switzalan da Italiya har mu ƙarasa Biyana, babban birnin Ostiriya. Ita ce ta fi son haka, domin ta ce a jirgin sama mutum ba ya ganin komai sai gajimare. Ina neman shawararku a kan abu biyu. Shin ya fi dacewa mu sayi tikitin Eurail, wato tikiti guda da ake hawa jiragen ƙasashe da dama da shi, ko mu riƙa sayen na kowace tafiya daban? Sannan yaya jirgin dare yake ga miji da mata, musamman ta fuskar sirri da salla? Muna kuma tunanin leƙawa Landan idan hali ya yi. Dukanmu fasfo ɗin Najeriya muke da shi.

Malam Sagiru, daga Jamus:

Wa alaikumus salam, Abu Hanan. Allah ya sa a yi tafiya lafiya. Zan fara da maganar Landan, domin ita ce za ta iya ɓata muku lissafi. Birtaniya ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, saboda haka bizar da za ta shigar da ku Faransa, Switzalan, Italiya da Ostiriya ba za ta ba ku damar hawa jirgin ƙasa na Eurostar zuwa Landan ba, sai kun nemi ta Birtaniya daban. Ita kuwa bizar Schengen, ana neman ta ne a ofishin jakadancin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta, ba lallai wadda za ku fara sauka ba, kuma za a buƙaci inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 ga kowannenku.

Game da tikiti, Eurail na waɗanda ba mazauna Turai ba ne, Interrail kuma na mazaunanta, don haka ku Eurail ne naku, kuma babbansa yana aiki a ƙasashe 33. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, mallakar tikitin ba ya nufin ka sami kujera. Jiragen gudu na Faransa, wato TGV, da Frecciarossa na Italiya, da dukan jiragen dare, dole ne a biya ƙarin kuɗin kama wuri, kuma ku biyu ne, komai sai an ninka shi. A ƙasashe irin su Jamus da Ostiriya da Switzalan ne tikitin yake da daɗi sosai, domin a yawancin jiragen cikin gida hawa kawai za ku yi ku nemi kujerar da babu kowa. Idan kun riga kun tsayar da ranakunku, ni a ganina sayen tikiti ɗaya bayan ɗaya tun da wuri ya fi araha, tunda farashin yana hawa ne yayin da ranar tafiya take matsowa.

Maman Ikram:

Malam Sagiru ya yi bayani mai kyau, amma ban goyi bayansa gaba ɗaya ba a kan arha. Tikitin da aka saya da wuri a farashi mai sauƙi yawanci a ɗaure yake da jirgi ɗaya da lokaci ɗaya, kuma wanda yake tafiya da iyali ya san cewa akwai ranar da ɗayansu zai tashi a gajiye ya ce yau a huta. Ga kuma Switzalan, inda tikitin yau da kullum yake da tsada ƙwarai, to a can Eurail yana biyan kansa.

Maganar jirgin dare ce na fi son in tsaya a kanta, domin nan ne uwargida za ta ji daɗi ko ta ƙi. Akwai Nightjet, na kamfanin jiragen ƙasa na Ostiriya, da yake tashi daga birnin Benis na Italiya da dare ya wayi gari a Biyana. Masauki iri uku ne a cikinsa: kujerun zama, ɗaki mai gadaje huɗu ko shida da ake haɗa baƙi, da kuma ɗakin kwana na musamman. A ɗakin haɗaka ana cuɗa maza da mata ne, wanda ba na jin Hajiya za ta sake a ciki har ta cire mayafi ta yi barci. Akwai wanda aka keɓe wa mata zalla, sai dai wannan yana nufin a raba ku har safiya. Abin da ya dace da ku shi ne ɗakin mutum biyu, mai ƙofa da ake kullewa ta ciki da ɗan wurin wanke hannu da zai ishe ku alwala. Yana da tsada, amma ku tuna kuɗin otal na daren ne kuka mayar can, kuma ɗakunan ba su da yawa, suna ƙarewa da wuri a lokacin bazara.

Ku rage kaya iyakar iyawa. Ba a cika samun 'yan dako a tashoshin ba, kuma maigida ne zai yi ta hawa da sauka da akwatuna a matakala.

Alhaji Ɗanjuma:

Abu Hanan, tunda Hajiya kallon ƙasa take so, kada ku bi ta ramin Gotthard daga Zurik zuwa Milan. Ya fi sauri, amma tsawonsa kilomita 57 ne a ƙarƙashin dutse, babu abin gani. Ku bi ta Chur a Switzalan zuwa Tirano a Italiya a kan layin Bernina, tafiyar kusan awa huɗu da take hawa sama da mita 2,200 a cikin tsaunuka, kuma UNESCO ta sanya wani sashensa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Ƙananan jiragen yankin suna bin layi ɗaya da jirgin 'yan yawon buɗe ido, Bernina Express, ba tare da kuɗin kama kujera ba. Daga Tirano sai ku kama jirgin Milan. A Paris kuma ku lura cewa tashoshin suna da yawa, jirgin Zurik daga Gare de Lyon yake tashi, a Benis kuwa ku sauka a tashar Santa Lucia, ba ta Mestre ba. Batun salla akwai sauƙin kasaru da haɗawa ga matafiyi, sai dai ku tambayi malaminku kafin ku tashi, domin a bazarar can rana tana kaiwa wajen ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba.

Abu Hanan:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Mun cire Landan a wannan karon, kuma uwargida ta ce ɗakin mutum biyu za a fara kamawa kafin komai. Zan zauna in lissafa farashin hanyoyin biyu tare da kuɗin kujeru kafin in biya.