Fostocin wuraren Sakkwato, mi kuka gani?

Ɗan Dundaye:
Assalamu alaikum jama'a. Ina aikin dizain da CorelDraw, katin biki da kalanda da makamantansu, yanzu ina son in hito da fostoci na gulbi da fadama da itatuwan nan gida irin wanda mutum zai rataya falo ko ofis, amma duk samfurin da nike gani a intanet kore ne shar da duwatsu masu ƙanƙara, ba ruwansu da ƙasarmu. Na fara da gadar Kwalkwalawa da dam ɗin Goronyo. Ina kuma ya kamata in ƙara, kuma wace kala za ta hito da Sakkwato sosai?

Inna Mai Zane:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah shi sa albarka. Don Allah kar ka cika kore, kalarmu jar ƙasa ce da ruwan toka na hazon hunturu, koren ka bar shi siriri bakin gulbin Rima inda anka shuka albasa da shinkafa, nan ne zai yi kyau don ya tsaya cikin fari da ja. Kuma ka sa gawo, shi ne icen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, ka yi fosta biyu gawo guda, ɗaya ga Agusta tsirara gero ya kewaye shi ɗaya ga Janairu awaki na kiwo ƙarƙashinai, duk wanda ya tashi ƙauye zai tsaya ya duba wallahi.

Malam Na Wurno:
Ka je Surame ɗana, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina ƙarni na 16, ganuwar dutse na nan cikin daji har yau kuma yaranmu da yawa ba su san da ita ba. Akwai kufan Alkalawa, tsohon babban birnin Gobir da ya faɗi 1808, wajen Sabon Birni. Giginya ma ka ba ta fosta tata, wurin da anka gwabza da Turawa 1903 sunanta ya ɗauka. Fadamarmu ta Wurno kuma ka zo da sassafe kafin rana ta wanke kala.

Mai Firinta:
Oga ni maganar bugu zan yi. Ka maida aikinka CMYK (tsarin kalar injin bugu) tun farko, in ka bar shi RGB (tsarin kalar allon kwamfuta) jan nan da ka gani a kwamfuta zai hito wani iri kamar ya sha wanki, kaifin hoto kuma ya kai 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci) in a babbar takarda A3 za ka buga. Takarda mai kauri marar ƙyalli ta fi, a yi mata lamineshin saboda ƙura. Sannan ka sani kwastomomi da yawa nan ba su rataya hoton mai rai ɗakin da suke salla, ka yi wasu itace da ruwa zalla.

Ɗan Dundaye:
Na gode ƙwarai, maganar gawon nan ta shige ni Inna. To Mai Firinta ina da niyyar sa shamuwa bisa kuka a fostar damina, in na yi ta baƙar inuwa kawai ba ido ba fuska kana ganin za su saya ko in cire ta gaba ɗaya?