Ciwon baya a wurin aiki: a kwanta mako biyu ko a dawo bakin aiki?

Alhaji Bappah: Jama'a ga shawarata. Duk ma'aikacin da ya ce bayansa ya riƙe, a ba shi mako biyu ya kwanta ya warke sarai, amma da sharaɗin ya kawo hoton ƙashi. Babu hoto, babu hutu. Ta haka za a raba mai ciwon gaske da mai neman hanyar sulalewa gona idan damina ta kankama.

Malama Hauwa: Alhaji, a sashen gashin ƙashi wannan kwanciyar ita ce abin da aka fi hanawa. Kwana ɗaya ko biyu idan ciwon ya tsananta, ba laifi. Ya wuce haka, naman bayan ya sake, gaɓoɓi su sandare, mutum ya fara tsoron sunkuyo, ranar da ya miƙe sai ya ji ya fi da muni. Abin da ake so, ya dawo ya yi aiki mai sauƙi, ya riƙa takawa minti 10 zuwa 15 sau uku a rana, ya gasa wurin da tawul mai ɗumi na minti 15 zuwa 20, kada ya zauna wuri guda fiye da rabin awa. Yawancin irin wannan ciwon yana lafawa cikin mako shida.

Dakta Umar: Hoton ma ba zai yi maka alƙalancin da kake nema ba, ranka ya daɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙugu ba a iya ɗora shi kan wata cuta takamaimai. Hoton ƙashi ba ya nuna tsoka ko jijiya. Wanda ko takalmi ba ya iya sawa sai hotonsa ya fito tas, kai kuma ka ce maƙaryaci ne. Wani kuma lafiyarsa lau, a yi masa MRI, hoton da ke nuna har tsoka da jijiya, a ga faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya ɗan bulluƙo, don ana ganin haka a jikin mutane da yawa da ba sa jin komai. Shi ke nan ya samu takardar fakewa. Ka hukunta mai gaskiya, ka saki wanda kake farauta.

Alhaji Bappah: To Dakta, sai mu yarda da bakin kowa ke nan?

Kwamared Yusuf: Ba da baki ba, Alhaji, da takardar likita. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba lebura da ƙaramin ma'aikaci albashin har kwanakin aiki 12 a shekara idan rashin lafiya ta hana shi zuwa, muddin likita mai rajista ya shaida. Babu inda ta ce hoto. Idan kuma a bakin aiki bayan ya ƙulle, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ce ke aiki: ma'aikaci ya sanar da mai aiki cikin kwana 14, mai aiki ya kai rahoto NSITF, hukumar da ke biyan diyyar, cikin kwana 7. Nan ake yin asara, mutum ya yi shiru wata guda yana shan magani a ɓoye, daga baya a ce ai a gida ya samo.

Malam Jauro: Ni ina tare da Alhaji a kan hutun. Ku masu cewa a dawo a yi aiki mai sauƙi, ofis kuke kallo. A sito ina sauƙin yake? Buhun siminti kilo 50 ne, na taki ma haka, na masara ya kai 100. Tirela ta taso daga kamfanin siminti na Ashaka ba ta san wani yana ciwo ba. Ɗan dako kuma da buhu ake biyansa. Ka ce ya dawo, ɗauka zai yi ko ka hana.

Malama Hauwa: Gaskiyarka Malam, shi ya sa sai an rubuta sauƙin dalla-dalla, ba a bar shi a fatar baki ba. Makon farko babu ɗauka daga ƙasa sam: ƙirgar buhu, rubuta lissafi, ɗinke baki a tsaye, rabin yini. Mako na biyu kaya mara nauyi daga tsayin ƙugu, da tura baro a shimfiɗaɗɗen wuri. Daga nan a riƙa ƙarawa. Ma'aunin da ake bi a Ingila kilo 25 ne ga namiji, 16 ga mace, shi ma idan kayan na manne da jiki a daidai ƙugu. Buhun siminti ninki biyu ne na wannan, wato na mutum biyu ne. Kuma abin da ya fi kama bayan ba nauyin kaɗai ba ne, juyin nan ne: buhu a hannu, ƙafafu a kafe, a murɗa ƙugu a jefa cikin mota. A ɗaga ƙafa a juya jiki gaba ɗaya. A jera kayan kan dakali ko katako don kada a riƙa tsinto su daga ƙasa.

Malam Jauro: Wa zai biya ɗan dako kuɗin ƙirgar buhu? A nan gizo ke saƙar.

Kwamared Yusuf: Wanda aka yi wa lodin. Ya fi masa araha a kan ya rasa ƙwararre, don an san cewa idan zaman gida ya shiga watanni, dawowa sai ta yi wuya.

Dakta Umar: Kada dai a ji ana cewa motsi a ɗauka kowane ciwon baya ne. Wanda fitsari ya ƙi fita ko yake zuba bai sani ba, ko matsematsinsa da mazaunai suka mutu ba ya jin taɓi, ko ƙafafu biyu suka yi rauni, wannan a ranar za a kai shi babban asibiti, irin na koyarwa na tarayya da ke nan Gombe, ba gobe ba. Zazzaɓi, gumin dare da rama tare da ciwon baya, a binciki tibi na ƙashin baya, muna da shi a ƙasar nan. Haka wanda ya faɗo daga bisa, ko mai sikila. Waɗannan su ne masu buƙatar hoto. Sannan haɗin kyamis ɗin nan da ake ƙullawa a leda: magungunan rage ciwo diklofenak da ibufurofen aikinsu ɗaya, haɗa su yana cin ciki ya taɓa ƙoda. Ɗaya ya isa, bayan abinci, na 'yan kwanaki, mai olsa kuma ya kauce masa.

Alhaji Bappah: Na janye hoton. Amma wanda ciwonsa ke tashi duk Litinin fa?

Malama Hauwa: A duba kujerarsa da abin da yake yi Asabar da Lahadi kafin a duba imaninsa. Idan direba ne mai zuwa Bauchi, ya sauka a Alkaleri ya taka minti biyar, ya cire walat daga aljihun baya, ya naɗe tawul ya sa a ƙugu.

Malam Jauro: Ni dai har yanzu ba a faɗa mini nawa za a biya mai ƙirgar buhu a yini ba.