Kiɗa da zane: sana'a ce ga Kirista, ko hidimar ranar Lahadi kawai?

Sakataren matasa: Salama gare ku. Wani yaronmu a nan Zuru ya samu gurbin karatun zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, mahaifinsa ya ce ba da kuɗinsa ba. Baba Dattijo ya goyi bayan mahaifin, ya ce kiɗa da zane da wasan kwaikwayo baiwa ce ta yi wa Ubangiji hidima, ba sana'ar da Kirista zai ci abinci da ita ba. Baba, ga fili.

Dattijo: Na faɗa, kuma ina kan bakana. A Matiyu 10:8 Ubangiji ya ce abin da muka samu kyauta mu bayar kyauta. Mu da muka tashi da Littafin Waƙoƙi, da rana muna gona, da dare muna koyon waƙa da fitilar ƙwai, ba wanda ya taɓa miƙa hannu a ba shi ko kwabo. Kuma kun san ƙasar nan. Wanda ke cin abinci da ganga maroƙi ake ce masa. Sai ya yabi mai kuɗi ko da azzalumi ne, don idan bai yaba ba zai kwana da yunwa. Ba na son 'ya'yanmu su koma haka.

Mai kibod: Baba, da girmamawa. Ni ne farkon zuwa majami'a ranar Lahadi, ni ne na ƙarshen fita. Laraba da Asabar muna gwajin waƙa. In wayar lasifika ta tsinke ni ke ɗaure ta, in maɓallin kibod ya maƙale ni ke kwance shi in goge ƙura. Idan aka yi rasuwa a Dabai ko Ribah, ni ake kira in ɗora kaya a babur, man fetur kuma daga aljihuna. Ina da mata da yara. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, Baba.

Dattijo: Ɗana, ka nemi sana'a. Bulus ma ɗinkin tanti ya yi, yana nan a Ayyukan Manzanni 18.

Fasto: Baba, Bulus ɗin ne kuma ya rubuta wa Timoti cewa ma'aikaci ya cancanci ladansa. Ku duba 1 Tarihi 25: mawaƙan da aka horar domin ɗakin Ubangiji su 288 ne, sura ta 9 aya ta 33 kuma ta ce an ɗauke wa shugabanninsu sauran ayyuka domin dare da rana suna kan nasu. Abin da ya fi damuna shi ne Nehemiya 13:10. Nehemiya ya dawo Urushalima ya tarar ba a ba Lawiyawa rabonsu, har su da mawaƙa kowa ya koma gonarsa. Bai tsawata wa mawaƙan ba. Shugabanni ya tsawata wa, ya tambaye su dalilin da aka yi watsi da ɗakin Allah, ya tattaro mutanen ya mayar da su bakin aikinsu. Namu ba gona suke komawa ba. Abuja da Jos da Kaduna suke tafiya, mu kuma mu zauna muna cewa duniya ta janye su.

Shugabar Zumuntar Mata: Baba Fasto, na ji, amma kada a manta da mu. Da tulu da kacakaca muka riƙe waƙa a ikilisiyoyin ƙasar nan, ba a biya mu ba, ba mu kuma nema ba. Idan aka fara biyan mai kibod, gobe mai ganga zai ce shi fa? Baikonmu nawa yake, bayan ga 'yan gudun hijira da muke ciyarwa?

Malamar Makarantar Lahadi: Mama, gaskiyarki ce kan baiko. Sai dai yaron nan ba baiko ya nema ba, makaranta ya nema. Mu dawo kansa.

Dattijo: Zanen ma ya fi damuna. Fitowa 20:4 ta hana ƙera siffa. Iyayenmu sun sha wuya kafin su rabu da tsafi, yanzu sai mu tura yaro ya koyo sassaƙa?

Malamin zane: Baba, ni wannan karatun na yi, da shi nake ciyar da gidana. Ina koyarwa a sakandare, da yamma ina rubuta allunan shaguna. Ayar da ke biye da waccan ta bayyana abin da aka hana, wato rusuna wa siffar da bauta mata. A cikin Fitowa ɗin dai, sura ta 25, Allah ya sa aka ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan murfin akwatin alkawari. A sura ta 31 ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla da yankan duwatsu da sassaƙar itace. Aikin hannu ne zalla, ba wa'azi ba. A Zariyar da yaron zai tafi, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane a 1958 har da Bruce Onobrakpeya, wanda daga baya ya zana tashoshin hanyar gicciye, wato hotunan matakan tafiyar Yesu zuwa gicciye, domin wata majami'a a Legas, da Demas Nwoko, wanda ya tsara ɗakin sujadar 'yan Dominikan na cocin Katolika a Ibadan. Mu fa? Hoton Yesu da ke rataye a ɗakunanmu daga waje ake kawo shi, da farar fata da gashin Turawa, domin ba mu bar namu sun koyi riƙe burushi ba.

Dattijo: Macijin tagulla ma Allah ne ya sa Musa ya ƙera. Me ya faru? Sai da Hezekiya ya farfasa shi, don jama'a sun koma ƙona masa turare. Ka duba 2 Sarakuna 18:4.

Malamin zane: Haka ne, Baba. Amma laifin masu turaren ne, ba na maƙerin ba.

Malamar Makarantar Lahadi: Wasan kwaikwayo kuwa, duk Kirsimeti mu ke sa yara su ɗaura zani su zama makiyaya, iyaye na ta tafi. In yaron ya girma ya ce abin da zai karanta ke nan, sai a ce ya lalace. A Ezekiyel 4 an umarci annabi ya zana Urushalima a kan tubali, ya kwaikwayi yadda za a kewaye ta da yaƙi a gaban jama'a. Finafinan Mount Zion da muke haskawa a taron matasa, Mike Bamiloye ya kafa ƙungiyar a 1985, aikin da suka ba da ransu a kai ke nan.

Dattijo: Waɗannan na bishara suke yi. Tambayata ita ce, ran da abinci ya ƙare a gida, ɗan siyasa ya zo da kuɗi ya ce a yi masa waƙa, ko a kira ka bikin da ake kwana ana shan burkutu, wa zai iya cewa a'a?

Mai kibod: Wanda ya ci ya ƙoshi shi ya fi iya cewa a'a, Baba. An taɓa kirana irin wannan bikin, na ƙi, na dawo gida ba ko gishiri. Ba wanda ya tambaye ni yadda muka kwana.

Shugabar Zumuntar Mata: Wayyo ɗana, wannan kam ba mu kyauta ba. Zan kai maganar man fetur ɗinka gaban mata ranar Alhamis. Albashi dai ban yarda ba tukuna.

Dattijo: A biya masa mai da gyaran kaya, ban ƙi ba. Maganar roƙo kuwa ba ku gamsar da ni ba. Malam, ka kawo yaron nan gidana tare da takardun zanensa in gani da idona, sannan in san abin da zan faɗa wa ubansa.

Malamin zane: To Baba. In Allah ya yarda, gobe da yamma bayan an tashi daga makaranta.