Muhawara: Girman akwatin amfilifayar hedifon yana ƙara wa sauti wani abu, ko kuɗin alminiyam kawai ake biya?

Baban Amira: Salamu alaikum jama'a. Yau da rigima na zo. Duk wanda ya sayi amfilifayar hedifon, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, mai faɗin santimita 43, wadda sai ya kwashe littattafansa daga tebur kafin ta samu wurin zama, to alminiyam ya saya, ba sauti ba. Hedifon Sennheiser HD 600 om 300 ne, wato ma'aunin turjiyarsa ga wuta. Ka ba shi bolt 2, miliwat 13 da 'yan kai ke nan ya ci, kuma kunnenka zai ce maka ya isa haka. Miliwat fa na ce, ba wat ba. Me zai sa abin da ke fitar da wannan ɗan ƙarfi ya kai girman akwatin lefe?

Auta: Wa alaikumus salam. Yaya, da sassafe haka? Alhaji ko kumallo bai karya ba ka taro shi.

Alhaji Mai Faifai: Na karya, Auta, kuma na ji shi sarai. Baban Amira, tun kana ɗan makaranta nake ɗaga waɗannan kaya. Nauyin nan ba na banza ba ne. Taransifoma ce a ciki, da manyan kafasita masu tara wuta, da ƙarfen da ke shanye zafi. In kiɗa ya kai inda ganga ke dukan ƙirji, babbar na'ura ba ta haki. Ƙaramar kuwa sai ka ji kamar an shaƙe ta.

Baban Amira: Ranka ya daɗe, "kamar an shaƙe ta" ɗin nan ita nake so a nuna mini a mita. A 2011 wani injiniya da ya ɓoye sunansa, yana rubutu da laƙabin NwAvGuy, ya fitar da zanen amfilifaya mai suna Objective2 kyauta ga duk mai son haɗawa. Tana cika tafin hannu, har da batir biyu masu bolt 9 take aiki, kuma ya buga sakamakon awonta kowa ya gani. A 2018 kamfanin JDS Labs na Amurka ya fitar da Atom a dala 99, cikin akwatin roba. Roba zalla! Tana ba da wat 1 a om 32, kuma hayaniyarta da gurɓatar sautinta sun yi ƙasa da abin da kunnen ɗan Adam ke kamawa. In akwati ne ke yin sauti, ya aka yi roba ta yi wannan?

Injiniya: Baban Amira, lissafinka daidai ne, amma ka ɓoye rabin na'urar. Duba ƙarƙashin teburinka. Wannan baƙin dunƙulen da ke maƙale a soket, wanda ya tare ramuka biyu shi kaɗai, taransifomar Atom ce. Haka Magni ta kamfanin Schiit take. Ba su kawar da taransifoma ba, waje suka kore ta, kuma da dalili.

Taransifoma tana watsa maganaɗisu a kewayenta daidai da bugun wutar gari, wato sau 50 a daƙiƙa a nan wurinmu, sau 60 a Amurka. In wayoyin da ke ɗauke da ƙaramin sigina suka matso kusa da ita, za su tsinci wannan bugun, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, kai kuma ka ji wani ƙugi siriri a kunne duk lokacin da waƙa ta yi shiru. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, alminiyam bai iya tare wannan sosai. Yana maganin hayaniyar rediyo da ta wayar salula, amma maganaɗisu mai tafiyar hawainiya irin wannan ratsa shi yake yi. Baƙin ƙarfe ya fi shi a nan, tazara kuma ta fi su duka arha. Don haka mai zane zaɓi biyu gare shi: ko ya faɗaɗa akwatin ya ajiye taransifoma a can kusurwa nesa da ƙofar shigar sauti, ko ya jefa ta waje. Wannan filin da kake gani babu komai a cikin wasu manyan akwatuna, wani lokacin shi kansa aiki yake yi.

Mai Gyara: Injiniya, na ji ka ce "wani lokacin", kuma a nan zan tsaya. An taɓa kawo mini wata gyara, ba zan faɗi kamfanin ba. Gabanta kauri kamar me, an goge shi yana ɗaukar ido, sai da hannu biyu na ɗora ta kan benci. Da na kwance nocina na ɗaga murfi, sai ga ɗan allon lantarki da bai wuce tafin hannuna ba a maƙale a gefe guda, wayoyi dogaye sun ratsa fili har zuwa baya, ga kuma wani faifan ƙarfe an ɗaure shi a ƙasa, ba ya taɓa komai mai zafi. Aikinsa kawai nauyi. Mai ita yana tsaye a kaina, bai ce uffan ba.

Baban Amira: Allah ya saka da alheri, Mai Gyara. Na rufe shari'a.

Mai Gyara: Kada ka yi saurin rufewa, ban gama ba. Ƙananan ma suna zuwa shagona, kuma ciwonsu ɗaya ne: zafi. Kafasita mai ruwa a ciki, ƙa'idar da muka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon rayuwarta biyu. Wanda ya zana na'urar yana zaune a ɗaki mai sanyi. Kai kuma za ka kunna ta a Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba fanka. Ka ɗora DAC, na'urar da ke mayar da waƙar kwamfuta siginar sauti, a ƙasa, amfilifaya a sama, ɗaya na gasa ɗaya. Masu ramukan shan iska kuma hunturu ya zo ya cika su da ƙura.

Injiniya: Nan ne ainihin wurin da girma ke da hujja. Akwai tsarin da ake kira Class A, inda wuta ke gudana cikin tiransista ba tsayawa, ko ana kiɗa ko ba a yi. Mafi yawan wutar da yake ci zafi take zama. Asgard ta farko da Schiit suka fitar a 2010 haka take, kuma jikin akwatin ne gaba ɗaya ke fitar da zafin, shi ya sa in ta daɗe a kunne ba ka son barin hannu a kanta. To ku auna. Akwati mai santimita 13 da 9 da 3, faɗin fatarsa duka bai kai murabba'in santimita 400 ba. Mai 43 da 30 da 8 ya haura 3,700. Ninki goma ke nan. Zafin da babban zai watsar yana ɗumi-ɗumi, in ka cusa shi a ƙaramin sai ya ƙona kansa. Tambayar da ta rage ita ce ko kunne yana bambance Class A da sauran in an yi su da kyau, kuma wannan wata rigimar ce daban.

Maman Iman: Ku gafarce ni, duk kun tafi cikin na'ura kun manta da hannun da ke taɓa ta. Ni aikina tace murya, yini nake da hedifon a kai. Ƙaramar da nake da ita sautinta ba laifi, amma ba ta da nauyin da za ta zauna. In zan cusa jak sai na danne ta da hannun hagu. In na juya kujera na miƙa hannu, wayar hedifon ta ja ta har bakin tebur. Wayoyin baya kuma sun fi ta nauyi, suna ɗaga mata gaba. Abin murɗa muryar ɗan mitsitsi ne, yana manne da ramin jak, sai yatsana ya riƙa gogar waya. A ƙarshe kofin shayi na riƙa ɗora mata, da na ga abin zai zama ɓarna na koma littafi.

Auta: Anti, ki sa mata salatif mana.

Maman Iman: Auta, zan sa maka a baki.

Injiniya: Maman Iman ta taɓo abu mai muhimmanci. Soket ɗin XLR mai ƙafa huɗu, wato babban ramin soka hedifon, shi kaɗai ya kusa cinye tsayin fuskar ƙaramar na'ura, shi ya sa ƙananan suka rungumi jak mai milimita 4.4. Sannan abin da ke bayan murɗin murya: akwai na kamfanin Alps na Japan mai milimita 27, akwai ƙaramin mai milimita 9. Ƙaramin ya fi yawan kawo matsalar nan ta kunnen dama ya riga na hagu tashi in murya tana ƙasa-ƙasa. Babban ba ya shiga siririn akwati. Sai dai yanzu wasu sun kauce wa wannan ta hanyar sarrafa murya da lantarki, girman bai zama dole ba.

Alhaji Mai Faifai: To ku zo nan. Hedifon HiFiMan Susvara om 60 ne, amma ƙarfin jinsa desibel 83 kacal, wato sai da wuta mai yawa yake tashi. Akwai masu haɗa shi da amfilifayar lasifika don ya farka. Sai kuma masu kwalabe irin na rediyon da: kwalba tana son iska, taransifomominta ƙarfe ne da tagulla, kuma in tebur ya girgiza tana iya ɗaukar girgizar ta kai maka kunne. Ka ƙwanƙwasa ta da farce ka ji. Shi ya sa Sennheiser da suka fitar da hedifon HE 1 da amfilifayarsa a 2015 suka dasa kwalabe takwas a kan dutsen marmara na Karara ta Italiya.

Baban Amira: Alhaji, a kusan yuro 50,000! Kwalaben ma in ka kunna a hankali suke fitowa daga cikin dutsen. Wannan ai kallo ne, kuma ba na hana mai kuɗi kallo. Na yarda da kwalba, na yarda da Class A, na yarda da Susvara. Cikinmu nan wa ke da Susvara? Maganata a kan hedifon ɗin da mutane ke da shi ne. Kuma kada a ɗauka ƙanana nake wa talla: Chord na Ingila sun fitar da amfilifaya mai suna Mojo a 2015, tana shiga aljihu, an sassaƙa ta daga dunƙulen alminiyam, fam 399. Can ma ka biya kuɗin akwati.

Alhaji Mai Faifai: Ni dai kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Baban Amira: To mu gwada shi, ranka ya daɗe. Ranar Asabar in kawo ƙaramata gidanka, mu rufe su biyun da zane, Auta ya riƙa sauya waya a bayanka, kai kuma ka faɗi wacce ke kiɗa.

Injiniya: In za a yi, da sharaɗi. Zan zo da mita, mu sa sauti ɗaya tsayayye mu daidaita bolt ɗin da kowacce ke fitarwa. In ɗaya ta ɗara ɗaya ƙarfi ko da kaɗan ne, kunne ita zai zaɓa ya ce ta fi daɗi. Kuma Auta ba zai yi magana ba, ba zai yi dariya ba.

Auta: Wannan sharaɗin na biyu da wuya.

Mai Gyara: Baban Amira, kafin ka fito ka duba rubutun da ke jikin adaftarka. Irin waɗannan taransifoma ce zalla, ba kamar cajar waya ba da ke karɓar kowace wuta. In ta Amurka ce mai bolt 115 ka soka ta a 230 namu, a shagona za a ƙarasa muhawarar.

Baban Amira: Ta 230 ce, na duba tun ranar da ta iso.

Alhaji Mai Faifai: Bayan la'asar. Amma hedifon ni zan zaɓa, waƙar ma ni zan zaɓa.

Baban Amira: Waƙa taka ce, Alhaji. Hedifon kuwa biyu za a yi, naka da nawa.